Takabar Kulsum

Akwai wata tsohuwa a Ɗansoshiya, can ƙasar Kiru, tun zamanin da Turawa ba su tafi ba. Sunanta Turai, jikoki na ce mata Iya. Gidan babba ne, 'ya'yanta maza da matansu da yara rututu, duk tukunya ɗaya.

Ana cikin cirar gyaɗa mijinta Malam Gwadabe ya rasu, Turai ta shiga takaba. Ba ta yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne ya ƙi zuwa. Tana zaune a tabarma da tsohon zane, ba kwalli ba lalle, ta ƙura wa bango ido. A kawo tuwo, ya huce, a ɗauke. Masu gaisuwa su ce, "Ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya," ba ta ma san wanda ya tambaya ba. Kullum ramewa take, har 'ya'yanta suka fara tsoron kada ta bi Malam.

Maimuna, matar babban ɗanta, ta kafa doka: kada yaro ya raɓi ɗakin Iya. Amma kun san yaro, inda aka hana shi nan hankalinsa yake.

Jikanta Sabi'u ne ya fara karya dokar. Ya leƙo da majinarsa, ya ajiye soyayyiyar fara a bakin tabarma.

"Iya, tunda Malam ya tafi, ni zan aure ki. Ga toshi."

Da a da ne, da ta ce wa zai auri mai tumbi ba wando. Yau ko kallonsa ba ta yi ba. Yana hango Maimuna da muciya, ya suri toshinsa ya arce.

Sai kuma Kulsum, 'yar shekara huɗu, wadda marigayi ke kira amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Wata safiya ta shigo lulluɓe da tsohon buhun gyaɗa, ta zauna kusa da Turai, ta miƙe ƙafa.

"Iya, ni ma na shiga takaba. Ai mijina ne."

Maimuna ta shigo a fusace za ta finciko ta. Turai ta ɗaga hannu.

"Bar ta."

Kulsum ta kama aiki haiƙan. Iya ta kalli bango, ita ma ta kalli bango. Iya ta yi ajiyar zuciya, ita ma ta yi, har da ƙari. Kaza ta shigo, ta kore ta da raɗa, wai mai takaba ba ta ɗaga murya. Matan gida suna leƙe suna danne dariya.

Dariyar ta ƙare da aka kawo fura Kulsum ta kau da kai. Da yamma aka kawo tuwon dawa, ta ƙi. Uwarta Tani ta yi lallashi, ta yi barazana, a banza. Da yunwa yarinyar ta kwana.

Washegari Turai ta ji wani ƙugi a gefenta. Cikin Kulsum ne. Ta juyo, karon farko da ta kalli wani sosai tun rasuwar. Leɓen yarinyar ya bushe, idonta na kan akushi, amma ta rungume hannu gam.

"Ke, me ya hana ki ci?"

"Mu masu takaba ba ma cin abinci."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. A wurinki na gani."

Turai ta jawo akushin, ta wanke hannu, ta gutsuri loma. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba, amma ta haɗiye.

"Kin gani? Ana ci."

Kulsum ta yar da buhu ta afka wa tuwo, miya har gwiwar hannu. Can, baki cike, ta ɗago kai.

"Iya, to kuka fa? Ana yi? Ni tun jiya nake so in yi wa Malam, na ga ba kya yi."

Sai kuka ya ƙwace wa Turai. Ta jawo yarinyar jikinta da hannun miya, suka yi shi tare, har matan gida suka taru a bakin ƙofa.

Darasi: Yaro ba ya bin abin da ka faɗa, abin da ya ga kana yi yake kwaikwayo. Kuma kada mu riƙa korar yara daga wurin mai baƙin ciki, wani lokaci a hannunsu Allah Yake sa waraka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙatarsa yau.