Gaisuwar da Ta Cinye Firizar Hasiya

Jama'ar wannan shafi, na lura da ku. Ku karanta labarina, ku share hawaye, ku wuce ko sannu babu, sai ka ce akwai wani mai alƙalami irin nawa a Kaduna. Na yafe. Ku gyara zama, na yau ba na dariya ba ne.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Sarki, ana ce masa Malam Datti. Mutum ne mai kamewa, hularsa ba ta karkacewa. Bara ɗansa na fari, Mansur, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya, yana dab da gama jami'a.

Ranar zaman makoki Datti bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. A ƙauyen da ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, balle ya yi kukansa a gaban mutane. Masu ta'aziyya suka riƙa cewa, "Kai, Datti namiji ne!" Maganar ta yi masa daɗi, ya riƙe ta gam.

Amma jiki bai yarda ba. Abinci ya daina shiga, wando ya fara zamewa daga ƙugu. A ofis sai ya tsura wa takarda ido har a tashi bai sa hannu ba. Wata rana ya fito sallar azahar ya manta inda ya ajiye motarsa, alhali makullin na hannunsa, motar na gabansa.

Matarsa Hasiya ce ta nemo mafita. Ta ji labarin wata manhaja da ake ganin likitar damuwa ta waya, ido da ido, ba sai an je asibiti wani ya gan ka ba. Sharaɗinsu ɗaya: a biya kuɗin wata guda tun farko, zama ɗaya duk mako, lokaci na cika waya ta katse.

Hasiya tana da firiza da take sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ta kira wani dillali daga Hayin Banki ya saye ta, ta tura kuɗin likitar.

"Ni za ki haɗa da likitan mahaukata?" in ji Datti.

"Malam, ba hauka ba ne. Magana kawai za ka yi. Na riga na biya, kuma ba sa mayarwa."

Jin ba a mayarwa ya sa ya yarda.

Ranar farko ya sa babbar riga, ya shiga motarsa a harabar ofis, ya ɗage gilashi. Likitar ta bayyana a fuskar waya, Dakta Na'ima, wadda a haife ya haife ta. Nan take ya ji girmansa ya motsa.

"Baba, ya jikin?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya aiki? Ya mutanen gida? Mahaifinki na nan da rai? 'Yar wace unguwa ce ke?"

Haka ya yi ta jan gaisuwa. Ta tambayi barci, ya ce sai godiya. Ta tambayi abinci, ya ba ta labarin tsadar shinkafa. Mako na biyu ya yi mata lacca kan yadda aikin gwamnati ya lalace. Ya fito daga motar yana jin ya ci nasara, yarinya ba ta ga cikinsa ba.

A mako na uku ta ce, "Baba, wanda ya rasu ɗin, ya sunansa?"

"Yaron nan."

"Sunansa nake so in ji daga bakinka."

Fuskarsa ta murtuke. "Ke, a gidanku ba a koya miki kunya ba?" Ya kashe wayar tun rabin lokaci bai yi ba.

Da ya koma gida yana huci, sai ya tarar da Hasiya a tsakar gida tana ƙulla zoɓo a leda, tana jerawa cikin bokiti da ƙanƙarar da ta sayo a maƙwabta. Rabi ya narke. Ita da a da ake layi a ƙofarta.

"Wai har yanzu mai gyara bai dawo da firizar ba?"

Ba ta ɗago ba. "Ba gyara ta tafi ba, Malam. Ita ce kake shiga mota kana gaisawa da ita duk Laraba. Na rasa ɗa. Ba na so in rasa miji ina kallo."

Ya shiga ɗaki ya zauna da takalminsa.

Laraba ta ƙarshe ya shiga motar ba babbar riga. Ya daɗe yana kallon likitar, ita ma ta ƙyale shi. Lokaci na ta tafiya. Can ya ce, "Ranar da zai tafi, ya zo ya durƙusa ya ce, Baba zan koma makaranta. Ina jin rediyo. Na ce, to. Ban ɗago na dube shi ba, 'yata. Ban taɓa ɗaukarsa ba ko yana jariri. Na ɗauka akwai lokaci."

Ya buɗe baki zai ci gaba, fuskar likitar ta ɓace. Rubutu ya fito: lokacinka ya ƙare, sabunta biya don ci gaba.

Albashi da saura, firiza kuma ɗaya ce. Ya kifa kansa a kan sitiyari, ya yi kukan da ya makara da shekara guda, masinjoji na wucewa suna kawar da kai.

Da yamma ya sami Hasiya tana wanke bokiti. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba.

"Hasiya, ajiye wannan. Ba ni labarin Mansur. Ni ban san shi ba."

Darasi: In an biya maka kuɗin magani, kada ka je ka nuna wa likita kai namiji ne. Faɗi inda ke maka ciwo tun da sauran lokaci. Kuma iyaye, kunya ba ta hana a dubi ɗa a sa masa albarka yana raye. Ku tura wa wani ya amfana. Wanda ya kwafe bai ambaci sunana ba kuwa, ina ganinsa.