Kun Halatta Masa?

An yi wani mutum a nan Bosniya tamu, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa suna raye. Manaja ne a kamfanin sujuk, naman nan namu da ake ɗurawa a hanji a busar da hayaƙi. Mai sallah ne wallahi, ɗan sahun gaba ma. Hatimin halal da ake buga wa kayan kamfanin a hannunsa yake.

Sai naman shanu ya yi tsada. Mai kamfanin ya bugo waya daga Jamus: "Kai alaramma, kamfani na ba ka ko masallaci? Ga kitsen alade nan da araha, ɗan kaɗan za ka zuba. Wa zai ɗanɗana ya gane?" Manyan kantuna suka ce in ya ƙara farashi za su koma wajen wani. Shugaban ma'aikata ya tare shi a bakin ƙofa: "Ɗan'uwa, kar ka bari a rufe mu, sanyi na tafe."

Kowa da hujjarsa, kowa kuma ya tafi ya bar shi da hatimi. Ya zuba kitsen, ya buga.

Ya 'yan uwa, kun san a wurinmu halal aiki biyu take yi. Ita ce a kan nama, ita ce kuma a bakin mai neman yafiya.

Da mahaifiyarsa za ta tafi Hajji, ta tara maƙwabta ta roƙe su halal kamar yadda muka saba. Ta jera farantan sujuk tana cewa, "Ku ci, na ɗana ne, babu shakka a cikinsa." Da hannunta ta ƙara wa tsohon limaminmu. Shi kuwa gogan yana zaune ya ƙi ci, ya ce cikinsa ke ciwo. Subhanallahi! Yana kallo aka cinye tas.

Kafin ta dawo masu bincike sun auna naman, asiri ya tonu. Mai kamfanin ya ce shi yana Jamus, bai san komai ba. Kantuna suka maido kaya. Aka rufe kamfanin, ma'aikatan da ya ce don su ya yi suka daina amsa sallamarsa.

Da tsohuwa ta dawo, ya durƙusa gabanta: "Inna, ki halatta mini." Ta ce, "Nonon da na shayar da kai na halatta maka. Amma haƙƙin mutanen da na ciyar da hannuna, ba ni da ikonsa."

Kunya ta hana shi bin gida-gida neman halal. Juma'a ma sai ya tafi wani gari. A haka ajali ya riske shi.

A wajen jana'iza liman ya tambaya, "Jama'a, kun halatta masa?" Kowa ya zuba wa takalminsa ido. Ya sake tambaya, shiru. A ta uku ne murya ɗaya ta amsa, ta ɗansa.

Ina mai kamfani a ranar? Ina kantuna? Masu tura ka suna da yawa, ɗan'uwa, amma hannun da ya buga hatimi shi za a tambaya. In an matsa maka, ka ajiye hatimin ka fita da mutuncinka.

Allah ya kiyaye mu da ranar da za a roƙa mana halal a yi shiru. Amin.