Yadda Mai Kifi Ta Koya wa Mi-ran Tone Hujjar Darakta

Akwai wata mata mai suna Pyo Mi-ran, ma'aikaciya a wani kamfani a Seoul da ke sarrafa busasshen ganyen teku, wanda ake naɗe shinkafa da shi. Shekararta tara a sashen talla, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa jin ta ce wa na gaba da ita "a'a" ba. Idan Darakta Gil ya ce yau za a yi ruwa, ko da rana ta take, Mi-ran laima za ta ɗauko.

Kamfanin yana da wata al'ada. Kowace shekara yakan tura mutum ɗaya Amurka ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci. Sharaɗin shi ne kada ka wuce shekara talatin da biyar, kuma ka ci jarrabawar shiga, har da ɓangaren rubutu, inda suke son maki biyar cikin shida.

Mi-ran tana da talatin da biyar cif. Idan ta rasa bana, ta rasa ke nan.

Lissafi ba ya ba ta tsoro, Turancinta ma ba laifi. Rubutun nan ne ya tsaya mata a maƙogwaro. Sau biyu tana zama, sau biyu tana fitowa da maki uku.

Ga yadda abin yake. Za a ba ka 'yar gajeriyar takarda, yawanci wani manaja ne ya rubuta cewa a yi kaza saboda kaza. A ba ka minti talatin. Ba wanda ya tambaye ka ko kana son shawarar. So ake ka nuna inda hujjarsa ta yi rauni, da abin da ya ɗauka gaskiya ne ba tare da ya bincika ba.

To, ita Mi-ran da zarar ta ga an ce manaja ne ya rubuta, sai ta kasa taɓa hujjarsa. Sai ta fara da yabo: "Shawarar manaja tana da hikima ƙwarai." Daga nan ta cika shafi tana ƙawata masa magana, tana cike masa ramukan da aka ce ta tona.

Malama Chae, wadda ke koyar da masu shirin jarrabawar ranar Asabar, har ta gaji.

"Mi-ran, mutumin nan fa babu shi," in ji ta. "Ƙirƙirarsa aka yi. Ba zai hana ki hutu ba, ba zai rage miki matsayi ba. Me kike tsoro?"

"Na sani, Malama. Amma manaja ne fa. Ai ya fi ni sanin aikinsa."

Malama ta dafe kai.

A ofis kuwa akwai Bang Tae-sik, shi ma yana neman gurbin. Ya riga ta zuwa kamfanin, amma ta girme shi da haihuwa, kuma ya iya cika baki kamar an biya shi. Ya haddace wani tsarin rubutu da ya samo a wata makaranta mai tsada, ya zuba shi a jarrabawa, ya ci biyar. Tun daga ranar ba a sake shan shayi lafiya a ofishin ba.

"Malama Pyo, har yanzu muna kan uku?" ya ce da ita wata rana a gaban mutane. "Kada ki damu. In na je zan aiko miki da hoton makarantar."

Ta sunkuya ta yi murmushi, ta ce, "Na gode." Amma ta ji zafin maganar har cikin ƙashinta.

Saura mako uku ta yi zama na ƙarshe sai hutun Chusok, babban bikin girbi na ƙasarsu, ya zo. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Busan wurin mahaifiyarta, da jaka cike da takardu.

Mahaifiyarta kifi take sayarwa a kasuwar bakin teku, shekara talatin da wani abu. Duk layin ba mai kiran sunanta, Umman Mi-ran ake ce mata. Mace ce mai murya, mai baki, wadda ba ta san kwana-kwana ba. A gaskiya Mi-ran ba ta taɓa faɗa wa kowa a ofis sana'ar uwarta ba. In an tambaya sai ta ce, "Tana ɗan kasuwanci." Har karin maganar Busan ta goge daga bakinta don kada a gane.

Da safe kasuwa ta cika maƙil da masu sayen kifin biki. Mi-ran ta kife wani akwati a bayan rumfa ta zauna tana karatu, tana tattare siket don kada ruwan kifi ya taɓa shi.

"Ke, me aka rubuta a takardar nan kike ta haɗe rai?" in ji uwar, hannunta na kan wuƙa tana feɗe kifi.

"Ba za ki gane ba, Umma."

"Oho, ba zan gane ba. Ni na haifi mai ganewar ai. Karanto mini da harshenmu."

Don a zauna lafiya, Mi-ran ta fassara mata. Wani manajan gidajen abinci ne ya rubuta cewa tun da suka fara sa kiɗa a reshensu na bakin teku wata uku da suka wuce, ciniki ya ƙaru. Saboda haka a sa kiɗa a duk rassan, ciniki zai ƙaru ko'ina.

Uwar ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Wane wata ukun?"

"Bai faɗa ba."

"Ai ba zai faɗa ba. In lokacin zafi ne, bakin teku ko kuka ake yi a shagon, mutane za su cika shi. Na kusa da shi fa, yana nan ko ya rufe?"

Mi-ran ta duba takarda. "Bai faɗa ba."

"Ya canza mai dafa abinci? Ya ƙara yawan miya? Shi dai kiɗa kawai ya gani?" Ta jefa kan kifi cikin bokiti. "Kuma reshen da ke kusa da asibiti, nan ma ganga zai kai musu? Ruwa ba ya tsami banza, amma wannan bai nemi abin da ya tsamar da shi ba. Abin da ya fara gani ya kama."

"Umma, manaja ne fa."

Nan ne uwar ta ajiye wuƙa ta juyo.

"Manaja? Kin ga dattijon can mai hula, wanda ke kawo mini kifi? Ya girme ni da shekara goma sha biyar. Kullum ni ke fara gaishe shi, ni ke ba shi kujera. Amma in ya ce kifin yau ne, sai na buɗe kunnen kifin na duba. Shi na girmama, ba kifinsa ba. Da na bi girma na daina dubawa, da da me na kai ki jami'a?"

Mai rumfar kusa, wata tsohuwa mai sayar da kaguwa, ta sa baki: "Faɗa mata dai. 'Yan Seoul ɗin nan ladabi ya cinye musu ido."

Mi-ran ta sake duba takardar. Abin da Malama Chae ta yi wata shida tana faɗa da Turanci, ga shi uwarta ta gama shi tsakanin kifi biyu.

Ta ciro wata takardar. "Umma, ji wannan kuma."

Haka suka yi kwana huɗu. Ita tana karantawa, uwar tana yanka kifi tana yanka hujja. Wa ya faɗa? Mutum nawa aka tambaya, kuma su wane ne? In abu ya yi a can, me ya sa dole ya yi a nan? Ranar ta uku Mi-ran ta riga uwar gano wani rami, uwar ta kalle ta ta gefen ido ta ce, "To, ashe akwai kai." A ranar ta daina tattare siket, har ta ɗaura gyauton roba ta taya ta wanke kifi.

Ta koma Seoul ta zauna jarrabawa. Wannan karon ba ta yabi kowa ba. Ta rubuta cikin natsuwa, ba zagi, ba raini, tana nuna abin da ba a faɗa ba da abin da ya kamata a bincika. Da sakamako ya fito, biyar da rabi ta ci.

Yanzu su biyu suka cika sharaɗi, gurbi kuma ɗaya. Darakta Gil ya kira su ɗakin taro da ƙarfe goma na safe, ga manyan kamfani uku zaune a gefensa. Ya miƙa wa kowannensu takarda.

"Wannan ni na rubuta," in ji shi. "An ce ku gwanayen nazari ne. Ku faɗa mini ra'ayinku."

Takardar ta ce an raba ƙananan ƙunshin ganyen teku ga ɗalibai ɗari biyu a bakin wata jami'a, kuma kusan dukansu sun ce suna so. Saboda haka kamfani ya daina yin babban ƙunshi, ya koma ƙanana gaba ɗaya.

Tae-sik ya riga ta miƙewa. Mutumin da ya ci biyar a tone hujjar manajan takarda, da ya ga na gaske sai ya narke.

"Ranka ya daɗe, wannan hangen nesa ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba ni da abin ƙarawa."

Darakta ya gyaɗa kai, ya juyo. "Malama Pyo?"

Sa hannun mutumin nan ne zai kai ta Amurka ko ya bar ta a kujerarta har ta yi ritaya. Kuma tsakani da Allah ta ga ramukan tun a layi na biyu. Ta miƙe, ta sunkuya sosai, ta riƙe takardar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ina neman afuwa. Akwai abubuwan da takardar ba ta faɗa ba. Ɗaliban nan kyauta aka ba su, kuma wanda aka ba kyauta da wuya ya ce ba daɗi. An tambaye su ko suna so, ba a tambaye su ko za su saya ba. Sannan masu ɗaukar babban ƙunshi iyaye ne masu ciyar da gida, su kuma ba a ji ta bakinsu ba. Mai yiwuwa shawarar daidai ce. Amma wannan hujjar ba ta isa a rufe babban ƙunshi a kanta ba."

Ɗaya daga cikin manyan ya kama gyara tabarau. Tae-sik ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi, don a ganinsa ta gama kashe kanta.

Darakta Gil ya daɗe yana kallon takardarsa. Kunnuwansa sun yi ja, ba wanda bai gani ba.

"Mako biyu takardar nan tana yawo a kamfanin nan," ya ce a hankali. "Mutum goma sha ɗaya sun karanta, kowa ya ce ta yi." Ya ɗago. "Wace makaranta ce ta koya miki wannan?"

Da can ne da ta ambaci Malama Chae ta wuce wurin. Sai ta ji kafaɗunta sun miƙe da kansu, kuma da ta buɗe baki, karin Busan ne ya fito tsaf.

"Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe. Kifi take sayarwa a kasuwar bakin teku."

Darakta ya jawo takardar zaɓe ya sa hannu a gaban kowa. "Ki gaishe ta," in ji shi. "Ki ce mata darakta ya ji jiki."

Mi-ran ta fita ta tsaya a kan matakala ta kira waya. Hayaniyar kasuwa ta cika mata kunne.

"Umma, an zaɓe ni. Zan tafi."

"To," in ji uwar. "Kin ci abinci?"

"Ban ci ba tukuna."

"Sai ki je ki ci. Ina da mutane a gabana."

Amma uwar ta manta ba ta kashe wayar ba, ta jefa ta a aljihun gyauto haka nan. Mi-ran tana tsaye tana jin komai. Ta ji uwarta ta ɗaga muryar nan da duk layin ya sani.

"Ke mai kaguwa, kin ji? 'Yata za ta Amurka. Kamfani guda, ita kaɗai aka ɗauka. 'Yata, wadda na goya a rumfar nan."

Daga nan muryar ta karye. Matar da Mi-ran ba ta taɓa ganin hawayenta ba, sai ga shi tana jin ana ce mata, "Haba Umman Mi-ran, zauna, zauna, kawo wuƙar."

Mi-ran ta zauna a kan matakala, wayar na kunnenta, ta yi kuka son ranta. Ba ta taɓa yin alfahari da wani mutum a duniya kamar yadda ta yi da matar nan a ranar ba.

Darasi: Girmama babba daban, rufe ido a kan maganarsa daban. Ka ba shi kujera, ka rusuna masa, amma ka duba hujjarsa, domin wanda ya nuna maka rami kafin ka faɗa ya fi mai tafa maka ƙaunarka. Kuma kada ka ji kunyar hannun da ya raine ka don yana warin sana'a, wataƙila ilimin da kake nema a nesa yana wurinsa. Ku tura wa duk wanda ke shirin jarrabawa, da duk wanda ya daɗe bai kira mahaifiyarsa ba.