Aladen da Lukman Bai Taɓa Gani Ba

Lukman ɗan ƙanena ne, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai akwai girman kai da ƙyanƙyami. Shi da 'yata Hafsah suna karatun kiwon dabbobi a wata jami'a da ke Tianhe, nan Guangzhou ta ƙasar Sin, inda muke zaune saboda kasuwancin mahaifinta.

Malaminsu ya ba kowannensu garken aladu. Aikin shi ne su zaɓi iyayen da za su haifi 'ya'ya masu jure zawon da ƙwayoyin cuta ke kawowa, waɗanda kuma zafi ko firgita ba ya kayar da su. Da na ji an ce alade, ban yarda ba. Sai da maigidana Alhaji ya tambayi wani malami bayan Juma'a a Masallacin Huaisheng, ya ce masa ci aka haramta mana, ba neman sani ba. Hafsah kuma ta ce, "Umma, hanyar nake koyo. Awakinmu na Bichi zan kai wa ita." Na sa mata albarka.

Kullum da safe takan sa takalmin roba, ta shiga garke da littafinta. In ta dawo ta yi wanka, ta sauya kaya, ta yi salla. Lukman kuwa ko ƙofar bai taɓa leƙawa ba. Yana ɗakin gwaji cikin sanyi, ana kawo masa jinin aladun a kwalba.

Wata Lahadi suna cin tuwo a gidana, sai wasan taubasantaka ya tashi.

"Gwaggo, 'yarki ta zama sarauniyar aladu," in ji Lukman. "Matsa can, kada ki shafa min."

"Ci tuwonka, sarkin kwalabe. Namijin nan da ka zaɓa, mai lamba arba'in da bakwai, ka taɓa ganinsa?"

"Me zan gani? Na ga jininsa. Babu mai jure zawo kamarsa."

"In aka buga ƙofa, jelarsa rawa take yi, ya sandare yana haki. Ka yi masa gwajin firgita kafin ka haɗa shi da matan. Aikinka na shekara biyu duk a kansa ka ɗora."

"Sati uku gwajin zai ci. Lokaci meyo!" Wato babu, yadda masu kanti ke faɗa a nan.

Na ce, "Lukman, ka je ka duba shi mana."

"Haba Gwaggo! Jikan Liman guda a garken alade?"

"Ita ma jikarsa ce," na ce masa, don Liman mahaifina ne. Dariya kawai ya yi.

Bai yi gwajin ba, ya haɗa namijin da matan. Suka haifi 'ya'ya ɗari da 'yan kai, ko ɗaya bai yi zawo ba. Lukman ya cika gari da labari, har 'yan kasuwar unguwar Liwan sai da suka ji.

Da zafin Yuli ya kankama, aka loda aladun su biyun a motoci, za a kai su wata gona domin gwajin ƙarshe. Tafiyar awa biyu ce. Na Hafsah suka sauka da ƙafarsu suna neman abinci. Da aka buɗe motar Lukman, kusan rabi sun mutu a sandare. Sun gaji jure zawo daga ubansu, sun kuma gaji firgitarsa. Malaminsu ya ce wannan iri ba ya kiwatuwa, sai Lukman ya faro daga farko.

Ranar da Hafsah ta kawo takardar shaidarta, da kaina na karanta sunanta, harafi bayan harafi, na yi sujadar godiya. Lukman ya zo taya murna, ya zauna, abincin da aka kawo masa ma bai taɓa ba. Can ya ce, "Hafsah, takalmin nan na roba, akwai daidai ƙafata?"

"Meyo," in ji ta. Sannan ta tashi ta ɗauko masa sabo. Ashe tun bara ta tanadar masa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da aka ba ka amanarsa, ka je ka gan shi da idonka, ko da ranka ba ya so. Tsarki ba ƙyamar halittar Allah ba ne, kuma ilimi ba ya zama a kwalba kaɗai. Wanda ya fi ƙarfin ya sunkuya ya duba aikinsa, sau biyu zai yi shi.