Abin da ke ƙarƙashin baƙin danƙo

Akwai wani mai shago a unguwar Ochanomizu ta Tokyo, ana ce masa Kurihara. Tsofaffin feda yake sayarwa, wato 'yan akwatunan ƙarfen nan da masu gita ke takawa da ƙafa su sauya sauti. Jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana da suna. Idan Kurihara ya ce feda ta asali ce, magana ta ƙare.

Wata rana ya samu Jan Zakara, fedar da masu tarawa ke mafarkinta, don wanda ya ƙera ta ya daɗe da rasuwa. Irin wannan feda, maƙerinta kan malale kayan cikinta da baƙin danƙo don kada a kwaikwaye shi. Kuma ba a kankare danƙon, wanda ya kankare ya kashe darajarta. Kowa saye yake ido rufe, yana yabon sauti.

Kurihara ya sayar da ita ga Mizuguchi, wani direban tasi da ke kiɗa da abokansa a ƙarshen mako. Mutumin ya biya, ya ce a ajiye masa zai dawo ɗauka, har da ƙwallar murna.

To, shi Kurihara akwai son sanin ƙwaƙwaf. Ya kwance bayan fedar, ya tasa danƙon gaba yana shinshina.

Matarsa Fumie ta ce, "Maigida, ka zama kare ne? Abincinka ya huce."

Ya ce, "Fumie, danƙon da ya shekara talatin ne zai riƙa ƙanshin sabo? Wallahi ina son ganin abin da ke ciki."

"To je wurin ƙanina mana, ba ciki yake gani kullum ba?"

Da wasa ta faɗa, amma sai ga Kurihara a asibitin haƙori na ƙanin nata, Okabe, rungume da fedar.

Okabe ya ce, "Yaya, wane haƙorin ke ciwo, naka ko nata?"

"Kai dai ɗauki hotonta da na'urarka mai ganin cikin haƙori, surutu ba ya cikin aikinka."

Hoton ya fito. Kayan ciki ƙanana ne kamar ƙwayar gero, irin na zamanin nan, waɗanda babu su lokacin da maƙerin ke raye. Jabu ce tsagwaronta. Kunya ta kama Kurihara.

Okabe ya rage murya. "Yaya, ka yi shiru. Ba mai kankare danƙo. Wanda ya saya ya ji sauti ya ji daɗi, kai kuma sunanka na nan."

Gaskiya Okabe ya faɗa, ba wanda zai taɓa sani. Amma da Mizuguchi ya zo, Kurihara ya fito daga bayan kanta, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya miƙa masa hoton da kuɗinsa, yana haɗa sunansa da "san", kalmar girmamawa ta mutanen can.

"Mizuguchi-san, na sayar maka da jabu. Ni ma an cuce ni, amma da bakina na ce maka ta asali ce."

Mizuguchi ya fusata. "Na riga na cika wa abokaina baki! Kai da ake cewa ba ka kuskure?" Ya fice ko sallama babu.

Labari ya bazu. Maƙwabta suka samu abin dariya, ciniki ya tsaya cak. Kurihara ya rame, yana share ƙurar kanta yana haɗiye baƙin ciki.

Ana nan, wata safiya ya ɗaga ƙofar shago, sai ga Mizuguchi da abokan kiɗansa a tsaye, kowa da jakar fedodi.

Mizuguchi ya sosa ƙeya. "Kurihara-san, tun ranar nan nake kallon sauran nawa, hankalina ya ƙi kwanciya. Mun zaga shagunan da muka saya, kowa sai ya ce mu yarda da kunnenmu. A duk layin nan kai kaɗai ka taɓa cewa 'na yi kuskure.' Duba mana su. Abin da ka ce, shi ne."

Kurihara ya miƙa hannu ya karɓi jakar farko. Sai Fumie ta leƙo ta ce, "Ku shigo mana, za ku tare wa mutane hanya."

Darasi: Sunan da ake karewa da shiru, shi ma jabu ne. Faɗi gaskiya ko da za ta zubar da girmanka yau, ita ce za ta sa a yarda da kai gobe. Ku tura wa duk wani mai sana'a da kuka sani.