Ɗan Murfin da ke Kan Fiffike

Akwai wani manomi a wani ƙauye bayan duwatsu, inda damina kan yanke hanyar mota. Wata rana maciji ya sari matarsa a gona, ƙafa ta kumbura, maganin gida ya kasa. Aka aika, ƙaramin jirgin sama na mishan ya sauka a filin ƙauyen. Kafin a ɗauke ta sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, dole aka jira.

Da ruwa ya ɗauke, aka shigar da matar. Manomin ya zuba ido a tashi, sai ya ga matuƙin ya jingina tsani, ya hau fiffike yana jujjuya wani ɗan murfi da bai kai tafin hannu ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya ce, "Malam, mai ɗakina tana nishi, kai kuwa kana wasa da murfi?"

Matuƙin bai yi gardama ba. Ya sauko, ya tsiyayo mai daga ƙarƙashin fiffiken cikin ɗan kofin gilashi, ya nuna masa. Ga mai a sama, ga ruwa kwance a ƙasa.

Ya ce, "Baba, robar murfin tankin ce ta tsage, ruwan sama ya shiga. Inji ba ya shan ruwa, a sama kuma babu gefen hanya da za mu tsaya."

Manomin ya ja da baya. Yana kallo bawan Allahn nan ya tsiyaye ruwan sarai, ya sa sabuwar roba, ya ɗaure murfin tam, don in ya yi sako-sako iska za ta zuƙe man tun ba a yi nisa ba. Sa'an nan suka tashi, suka isa asibiti, matar kuwa ta rayu. Har tsufansa manomin bai daina yabon matuƙin ba.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Tankin shi ne zuciyarka, man kuma bangaskiyar da Ubangiji ya zuba maka. Murfin shi ne addu'a da kamun kai, aikinsa biyu ne: ya tsare abin kirki a ciki, ya hana ƙazanta shiga. Ba wanda yake tafa wa murfi, amma albarka ta tabbata ga mai duba nasa kowace safiya. Ka duba naka tun kana ƙasa, gama ba kai kaɗai ne a cikin jirgin ba. Iyalinka suna zaune a bayanka.