Hayaƙin Da Ya Ɓuya A Amawali

A can zamanin da, a wata ƙasa mai yawan auduga, ƙwayar wuta ta faɗo daga lofen wani mashayin taba ta cinye rumfunan masaƙa ƙurmus. Sarki ya sa aka yi shela: kada wanda ya ƙara busa taba a kasuwa, ko wurin sana'a, ko fada. Mai so ya sha a gidansa. Talakan da ya karya doka a kore shi daga kasuwa, mai sarauta kuwa a warware masa rawani.

To, ba a jima ba sai zauren fada kansa ya fara warin taba kowace safiya. Wari dai ga shi, hayaƙi babu wanda ya taɓa gani. Fadawa suka shiga kallon juna ta wutsiyar ido. In wani ya yi tari, sai na kusa da shi ya matsa.

Ran nan aka ɗaga buzun da Ma'aji Jatau ke zama a kai, sai ga lofe da sauran ɗuminsa. Waziri Gwadabe, wanda ya daɗe yana nema wa ƙanensa kujerar Ma'aji, ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya ce:

"Allah ya ja zamaninka, magana ta ƙare. Dubi leɓensa baƙi ƙirin! Ni da ban taɓa ɗanɗana abin nan ba, tun daga ƙofa nake jin warinsa."

Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, ina sha, ban musa ba. Amma a gidana, ƙarƙashin durumi. Lofen nan ban san shi ba."

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan, ransa bai kwanta ba. Ya ɗage hukunci sai Juma'a, ya shiga wurin yayarsa, Magajiya Dudu, ya kwashe labari ya gaya mata.

Ta ce, "Wa ke riga kowa isa zauren?"

"Waziri. Sammakonsa ma har yabonsa ake yi."

"Uhm. Kuma ka ce ba a ganin hayaƙi? Ai ba haɗiye shi ake yi ba, ƙanena. Ku masu rawani, me ke rufe muku baki?"

Sarki ya shafa amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ake ja a rufe baki da shi.

Ranar Juma'a fada ta cika. Sarki ya sa aka shigo da sababbin rawuna farare tas, ya ce kafin hukunci zai yi wa kowane mai sarauta kyauta. Al'adar ƙasar kuwa, ba a karɓar rawani daga hannun Sarki sai an warware tsohon an shimfiɗa a gabansa.

Kowa ya warware. Ma'aji ma ya shimfiɗa nasa, fari sol. Saura Waziri.

"Zaki, mura nake fama da ita, kaina ba ya son iska."

"Kyautata kake mayarwa, Waziri?"

Ba yadda zai yi. Ya warware a hankali, yana neman naɗe gefe guda cikin tafinsa. Sarkin Dogarai ya ja ƙyallen ya baje. Daidai inda baki ke taɓawa, ta ciki, ga tabo rawaya-rawaya har ya soma komawa baƙi. Galadima ya sunkuya ya shinshina, sai atishawa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gida ne... lokaci-lokaci..."

"Kai da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba?" in ji Sarki. "Ma'aji, kai mashayi ne, gaya mana. Da rawani kake sha a gida?"

"Wane ni! Daga ni sai 'yar shara, ranka ya daɗe. Wa zan ɓoye wa hayaƙi, awakina?"

Fada ta tuntsire da dariya, ban da Sarki.

Ya ce, "Gwadabe, ka karya dokata a zaurena, ka busa cikin rawanin da na naɗa maka, sannan ka tura wutar ƙarƙashin buzun wani. Ba sai an warware maka ba, ka riga ka warware da hannunka."

Aka naɗa wa Ma'aji sabon rawaninsa. Gwadabe kuwa aka miƙa masa lofensa, ya ratsa tsakiyar kasuwa da hula kaɗai, masaƙa suna leƙowa daga sababbin rumfunansu. Tun daga ranar zauren fada bai sake warin komai ba sai turare.